Kawu Ƙeya

Yayana ya shekara talatin da ɗoriya yana ɗaukar fim, amma ban taɓa ganin fuska ko ɗaya a finafinansa ba. Ƙeya ce kawai: ta tsoho, ta mace da ɗankwali, wata da tabon duka. Shi ya sa 'ya'yana ke kiransa Kawu Ƙeya, yana amsawa kuma.

Da fari hoton fasfo yake ɗauka a wani ɗan shago bakin tasha. Sai sojoji suka karɓe mulki, aka shiga tasa ƙeyar mutane zuwa bariki, wasu su dawo, wasu shiru. Waɗanda suka dawo suna da abin faɗa, ba su da inda za su faɗe shi. Yaya ya ari kyamara, ya riƙa zaunar da su suna fuskantar bango, yana ɗauka ta baya. Muryar ma sai ya sauya ta da na'ura, ta koma kamar mai magana a cikin tulu.

Da fim na farko ya fita, shi ma ya fita, a bayan motar kaya da jaka ɗaya. Shekara ashirin da biyu ya yi a ƙasar mutane. Inna ta rasu, Baba ya bi ta, duk a waya ya ji. Yana wanke kwanuka a otal, yana bin 'yan gudun hijira irinsa yana ɗaukar ƙeyarsu. Matarsa ta tattara nata ya nata, ta ce ta gaji da miji mai kunne a toshe da muryoyin wasu. An ba shi lambar yabo, wani dunƙulen gilashi mai nauyin tsiya, da shi nake tokare ƙofar shagona.

Da mulkin ya faɗi ya dawo, da ciwon gwiwa da kwalin kaset tara. Na ba shi ɗakin da ke bayan shagon ɗinkina. Ɗalibai su zo su yi masa tambaya iri ɗaya, ya ba su amsa iri ɗaya, ni in dafa shayi. Ni kam na gaji da zancen nan. Shi ma ya gaji, faɗa ne kawai ba ya yi.

Wata Talata da safe wata mata ta yi sallama, cikin fararen kayan asibiti. Na raka ta ɗakin, na tsaya bakin ƙofa da almakashi a hannu, don ni ba a raba ni da jin zance.

"Baba, wanda ya yi magana na huɗu a fim ɗinka na farko, mai gyaran rediyo, mahaifina ne," ta ce. "Sun sake kama shi ina da wata bakwai, bai dawo ba. Sojoji sun kwashe hotunan gidan, ragowar kuma mahaifiyata ta ƙona su don tsoro. Ban san kamanninsa ba. Na ce ko kana da asalin kaset ɗin."

Yaya ya daɗe yana murza gwiwa. "Na ƙona shi kafin in tsallake iyaka, 'yata."

"To siffanta min shi. Fari ne ko baƙi a fuska? Hancin nan nawa, nasa ne?"

"Ban gan shi ba."

Ta dube shi kamar ya zage ta.

"Doka na sa wa kaina," ya ce. "Sai mutum ya zauna ya juya baya nake shiga, in fita kafin ya tashi. Don in sun kama ni, ko sun yanka ni, ba ni da wanda zan nuna."

Raina ya ɓaci, na rasa da wa. Na ce, "Yaya, kunna mata abin da ke akwai mana."

Ya kunna a 'yar tsohuwar talabijin ɗinsa. Ga mutum nan, wuyan rigarsa ya ɗan yage, kunnen hagu ya fi na dama fitowa, yana ba da labarin ɗakin da suka kwana su arba'in a tsaye. Matar ta matso har gwiwarta na taɓa tebur. Can sai aka ji an buga ƙofa a cikin fim ɗin. Mutumin ya zabura, ya fara waiwayowa, gefen kuncinsa ya soma fitowa, sai hoto ya tsallake zuwa ƙeyar wani.

"Me ya faru a nan?" ta tambaya.

"Ya waiwayo. Na runtse ido, na kashe kyamara. Ɗan abin da ya shiga kuma na yanke."

Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta gyara zama, ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Baba, mayar min baya kaɗan."

Ya mayar. Aka buga ƙofa, mahaifinta ya fara waiwayowa.

"Sake mayarwa," ta ce.