Uwa a Falo, Uwa a Ɗakin Baya

Wata rana, a tsakiyar damina, na ga abin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ku da kuke bibiyata kun san ni 'yar Katolika ce, kuma ni ke buga tulun kiɗa a Zumuntar Mata ta cocinmu. Kun kuma san bakina ba ya iya shiru. To yau ma ba zai yi ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, a watan Agusta muna da babban idi, ranar da muke tunawa da ɗaukar Maryamu, uwar Yesu, zuwa sama. Kafin idin muna yin nobena, wato addu'ar kwana tara ta shirya zuciya.

A unguwarmu, siffar Maryamu ake ɗauka, ɗan mutum-mutumin nan mai farar riga da shuɗin mayafi, ana kai ta gida-gida. Kowace yamma gida ɗaya. A taru a yi rosari, wato addu'ar carbi, a yi waƙa, ta kwana a nan, kashegari a wuce gaba.

A da, tabarma ce kawai da ruwan randa.

Yanzu kuwa abin ya koma gasa. Wannan ta yi shinkafa, gobe waccan ta ƙara da kaza, jibi wata ta ɗauko mai hoto.

Ana cikin haka layi ya zo kan wata mata da zan kira Madam Filomina. Ba sunanta ba ne, kada ku wahalar da kanku.

Jama'a, Madam ta yi shiri.

An yi wa falo sabon fenti, har warinsa yana hawa kai. An yi hayar kujeru. An shimfiɗa farin leshi a kan tebur, an jera kyandir da furen roba. Ga janareta a waje yana ihu, ga lasifika, wai don unguwa ta san yau a gidanta ake yi.

Ita kanta sabon anko ta sa, ɗaurin kai kamar zai taɓo silin.

Abu ɗaya ne ban gani ba. Mahaifiyarta, Kaka Sisiliya.

Wannan tsohuwa tana cikin waɗanda suka kafa Zumuntar tamu. Ita ta riƙe hannuna ina sabuwar amarya, ta koya mini yadda ake dukan bakin tulu ba tare da an fasa shi ba. Tsufa ya zo ya taɓa mata tunani, ta fara manta sunayen mutane, sai muka daina ganinta a coci. Duk wanda ya tambaya, Madam takan ce an kai ta ƙauye ta huta.

Mu kuma muka yarda, don ba mu da dalilin ƙin yarda.

Aka ajiye siffar a kan leshi. Mama Rejina, shugabar Zumunta, ta fara jan rosari.

Yadda ake yin addu'ar gaisuwa ga Maryamu, mai ja tana faɗin rabin farko, jama'a su amsa da rabin ƙarshe. A haka ake ta maimaitawa har a gama zagaye carbin.

Rabin matan da ke wurin, hannu ɗaya na kan carbi, ɗaya na kan waya. Wata a gefena baki na amsa addu'a, ido na ƙofar kicin. Na danne zuciyata, na ce ba yau ba.

Sai janareta ya yi tari ya mutu.

Falo ya yi tsit. Mama Rejina ba ta tsaya ba, ta ja rabinta da muryar da Allah Ya ba ta. Muka amsa, muka gama, muka ce amin.

Amma wata murya ba ta gama ba.

Siririya ce, tana rawa, tana jan kalmomin a hankali irin yadda mutanen da can suke yi. Daga bayan gida take fitowa, ta lungun da ke kaiwa kicin.

Mama Rejina ta sake ja. Muka sake amsawa. Muryar ta sake biyo mu a baya, ita kaɗai, har zuwa amin ɗinta.

Ko a kasuwa na ji muryar nan zan gane ta.

Na ajiye tuluna na miƙe, na bi lungun. Ga wata ƙofa, ga kwaɗo a jikinta, an datse ta waje. Ban juya ba sai ga Madam a bayana, tana murmushin da bai kai ido ba.

Na ce, "Madam, wa ke cikin ɗakin nan?"

Ta ce, "Babu kowa."

Na ce, "To wannan babu kowan ya iya rosari."

Ta matso, ta rage murya. "Don Allah ki rufa mini asiri. Ba ta iya riƙe fitsari yanzu. Tana faɗin abin da ya zo bakinta. Yau ɗaya dai, in baƙi sun tafi zan buɗe."

Ba zan ɓoye muku ba, na so in ɗaga murya a ji ni har bakin titi.

Mama Rejina ce ta riga ni. Ta ɗauko siffar daga kan leshin nan mai tsada, ta rungumo ta, ta zo ta ajiye a ƙasa a gaban ƙofar. Ta durƙusa a kan siminti, ta ci gaba da jan rosari daga inda ta tsaya.

Ɗaya bayan ɗaya muka durƙusa a lungun, kujerun haya suna can babu kowa.

Muna ja, ana amsawa daga ciki.

Ba mu yi nisa ba Madam ta kwance bakin zaninta ta ciro makulli. Ta zura shi a kwaɗon.

Ƙofa ta buɗe.

Kaka Sisiliya tana zaune a bakin katifa. Ta sa tsohon ankon Zumunta, wanda muka daina sawa tun tuni, duk ya koɗe. Ta ɗaura ɗankwali a karkace. Takalminta na zuwa coci yana ƙafarta, na hagu a dama. Carbinta yana hannu.

Ashe tun da ta ji ana shigo da kujeru ta gane abin da ake ciki. Ta shirya kanta, ta zauna tana jira a zo a kira ta.

E, ɗakin yana wari. Ba zan yi muku ƙarya ba.

Ta ɗaga kai ta dubi Madam, 'yar da ta haifa, ba ta gane ta ba.

Ta ce, "Baiwar Allah, na gode da kika buɗe mini. 'Yata ce ta manta, tana da baƙi da yawa yau. Kada ki yi mata faɗa, yarinyar kirki ce."

Madam ta zube a wurin. Ɗaurin kan nan ya faɗi, ba ta ma ɗauka ba. Tsohuwar kuma ta sa hannu tana shafa mata baya, tana cewa, "Yi shiru, yi shiru, wa ya taɓa ki?"

A bakin ƙofar nan muka ƙarasa addu'a. Da aka zo waƙa, ni da nake taƙama da tulu sai da Kaka ta gyara mini kiɗa. Ba ta san sunana ba, amma ta san na yi sauri.

Za ku so in ce daga nan kowa ya shiryu, ko?

Ina fa.

Ba mu kai gida ba labari ya riga mu. Waɗanda suka fi kowa zagin Madam su ne waɗanda da tsohuwar ta fito falo da jiƙaƙƙen zani, da sun toshe hanci sun kai labarin bakin famfo. Ba na wanke Madam, abin da ta yi ba shi da kyau. Amma tsoron bakinsu ne ya sa ta nemo kwaɗon nan.

Ranar idi ta zo, coci ya cika maƙil. Madam da ta saba zama a gaba ta shigo riƙe da hannun uwarta, suka zauna a bencin ƙarshe, kusa da ƙofa.

Da idona na ga mata biyu masu sabon anko sun tashi daga bencin sun sake wuri. Biyun nan, ba su fasa nobena ko sau ɗaya ba.

Na ɗauki tuluna na koma can na zauna. Ranar daga bencin baya aka ji kiɗa.

Darasi: Ba za ka shirya zuciya don Uwa mai tsarki ba alhali uwar da ta haife ka tana bayan kwaɗo. Kafin ka shimfiɗa leshi ka kunna kyandir, je ka buɗe ɗakin baya. Ku kuma masu toshe hanci, ku sani da hannunku a cikin kowace ƙofar da aka kulle.

In mahaifiyarka tana raye, ajiye wayar nan ka je ka duba ta. In ka dawo, ka tura wa wanda ka san yana da ɗakin baya a gidansa.