Baba Zakka, Mai Tsaga Takalmi Ya Ga Cikinsa

Tun kafin ƙarfe bakwai na safe Baba Zakka yake barin Fadaman Mada a kan tsohon kekensa, akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Idan ya iso gindin durumin nan da ke gefen Kasuwar Muda Lawal, sai ya share wurin, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buhu. Daga nan sai ya jera tsofaffin takalman but kusan ashirin, kowanne an tsaga shi gida biyu da zarto, daga hanci har dunduniya. Baƙo mai wucewa sai ya ɗauka taɓin hankali ne. Mu da muka daɗe a Bauchi mun san makaranta ce.

Shekara talatin da takwas ke nan yana wurin. Gyaran takalma ne abincinsa, ɗinki da gam da sauya dunduniya. Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami kyauta yake yin sa. Duk wanda zai sayi but, ɗan sanda ne, manomin fadama ne, ko ɗalibin jami'a daga Yalwa da za a tura koyon aiki a kamfani, yakan roƙi mai shago ya ba shi ƙafa ɗaya ya kai wa Baba ya gani. Baba zai lanƙwasa shi, ya shinshina, ya zura hannu ciki, ya bi ɗinkin da farce. Ba zai ce uffan ba sai ya tambaye ka inda za ka taka da shi. Kuma ba ya yarda a gwada but da safe. Ya ce a bari sai bayan azahar, lokacin da ƙafa ta sha yawo ta kumbura, a nan take faɗin gaskiyar girmanta.

Ni da kunya na fara sanin sa. Ina sabon ma'aikacin gandun daji na sayi but mai tambarin kan zaki, wanda samarin ofis ke rububinsa a wancan zamani. Na kai masa ne ba don neman shawara ba, don dai a yaba. Ya juya shi sau biyu, ya jawo ɗan'uwansa tsagagge daga kan buhu, ya nuna mini kwalin da ke kwance tsakanin fata da roba, ya ce wannan na zuwa ɗaurin aure ne, kada in kai shi daji. Na tafi ina cewa tsohon nan baƙin ciki yake yi. Ruwan damina na uku, ina tsakiyar daji, ƙasan takalmin ya yi mini sallama. Da igiyar rama na ɗaure shi na dawo gari, kuma da na biyo ta gindin durumi Baba bai yi mini dariya ba sai da ya gama ɗinke shi.

Kada a ɗauka gaba yake da manyan sunaye. Na sha jin ya ce wa mutum ya daure ya sayi mai tsadar, zai binne uku na banza. Na kuma ga ya ɗauko wani na gwanjo marar suna, ya fifita shi a kan sabo mai walƙiya a kwali. Abin da yake faɗa kullum shi ne tambari a waje yake, ƙafa kuwa a ciki take zaune.

Baba Zakka, kai ne alƙalin da ba shi da kotu sai inuwar bishiya. Kai ne ka tare ƙafafun da ba ka san adadinsu ba daga ƙusa da ƙaya da saran maciji, masu su ma ba su san an tare musu komai ba, don abin bai faru ba balle su tuna.

Sai dai gaskiyar nan ta ci masa abin da ya fi so, kuma ba zan yi jinjinar da za ta tsallake wannan ba.

Akwai Alhaji Mansir, mai shagon takalma da ke kallon durumin a da. Shekara talatin suna cin masa a kwano ɗaya kowace hantsi. Naman Sallah ya je Fadaman Mada, shinkafar Kirsimeti ta je gidan Alhaji. Mai sayar da takalmi da mai kushe takalmi, kowa na mamakin yadda suka jitu, su kuwa tsokanar juna ce abincinsu.

Shekara shida da suka wuce, matan da ke fasa dutse a bayan gari suka samu tallafi za su sayi but masu ƙarfe a hanci, na mutum talatin. Shugabarsu Liatu ta san abin da take nema, don dutse ya riga ya cinye mata yatsun ƙafa biyu. Alhaji ya fito musu da sabbin kaya masu tambarin da kowa ke yabo, shi da kansa ya riƙo ɗaya ya tsallako da Liatu wurin abokinsa, yana murmushi, don bai san an cuce shi a wurin sari ba. Baba ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar rediyo ya ɗora a hancin takalmin, ya zame ya faɗi. Ya danna da babban yatsa, hancin ya lotsa.

Liatu ta ce, “Baba, in dutse ya faɗo, zai tare?”

Ya ce, “Ba zai tare ba, 'yata.”

Alhaji ya ce ba zai yiwu ba, kaya ne na asali. Da gardama ta yi tsawo, mutane suka taru, Baba ya sa zarto ya tsaga takalmin a gaban kowa. Roba ce aka shafa wa baƙin fenti.

Alhaji Mansir bai ƙi gaskiyar ba, ya mayar da kayan gaba ɗaya. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a bainar jama'a aka yi, kamar an kama ɓarawo, alhali abokin shekara talatin yana iya jan sa gefe. Ni ma, in an tambaye ni, zan ce zarton nan ya yi gaggawa, kuma Baba da bakinsa ya amsa mini haka. Amma ya ce matar a gaban mutane ta tambaye shi, da ƙafarta mai yatsu uku a gabansa, bai ga gefen da zai ja kowa ba. Kafin wata ya ƙare Alhaji ya mayar da shagonsa can cikin kasuwa. Tun daga ranar ba su ƙara gaisawa ba. Baba ya aika sau biyu, ba amsa. Masar hantsi ma ya daina saye, ya ce ba ta da daɗi in mutum ya ci shi kaɗai.

Yanzu yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. 'Yarsa Dorcas ta zo za ta tafi da shi gida Bogoro ranar Asabar. Shekaranjiya na je na zauna da shi, zuciyata duk ba daɗi, don ban san yadda hanyar nan za ta kasance ba in babu buhun nan a gindin durumi. Muna zaune sai ga wani ɗan dako ya kawo but a leda, ya ce wani ne ya ce a duba masa. Baba ya shafa igiyoyin, ya tsaya a kan ƙullin da aka haɗa ƙafafun biyu da shi, sai na ga fuskarsa ta saki. Ya duba takalmin a tsanake, ya ce a gaya wa mai shi wannan yana da kyau, ya saro da yawa.

Da mutumin ya tafi na tambaye shi ko ya san mai aiken. Ya ce duk kasuwar nan mutum ɗaya ne ke ƙulla igiya haka, ninki biyu da hanci a gefe. Ashe shekara shida ke nan, duk sabon kayan da Alhaji zai saro sai ya turo samfuri ta hannun wani, yau ɗan dako, gobe mai keke, ba suna ba gaisuwa.

“Ka taɓa nuna ka gane?” na tambaye shi.

Ya ce, “In na nuna, zai daina aikowa. To da me zan riƙa jin yana lafiya?”

Baba Zakka, mun gode. Na gode a madadin matan dutse da ke tafiya da yatsunsu cikakku, da ɗaliban da ka hana kunya, da ni da ka bari na gama wautata kafin ka yi dariya. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta a cikin danginka. Masu sana'a na garin nan, bakanike da tela da mai magani, ku dubi mutumin nan. In an tambaye ku ko abu zai tare, ku faɗi abin da kuka sani, ko da kayan na wanda kuke cin abinci tare ne.

Kai kuma Alhaji Mansir, na san za a karanta maka wannan. Abokinka ya daɗe da gane ƙullinka, kuma kewarka ta fi ciwon idon damun sa. Motar Bogoro da hantsin Asabar za ta tashi. Wannan karon kada ka ba ɗan dako, ka kawo takalmin da hannunka.