Hoton Mai Jan Ƙyalle

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da wannan abu ya faru ni yarinya ce mai ji da kanta. Na dawo Bangui daga Kamaru, inda muka yi zaman gudun hijira, da 'yar takardar shaidar karatun kasuwanci a jaka da girman kan da ya fi takardar nauyi. A Kilomita Biyar, unguwar Musulmi, aka haife ni. Babana dillalin albasa ne, da ciwon ƙafa ya zaunar da shi sai ya bar mini wani reshe na sana'arsa, wato kai kayan lambu gida-gida: salak, karas, kabeji, tumatir, koren wake. Yawancin masu sayenmu ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ne da masu gidajen abinci na cikin gari. Su shiga shafinmu na intanet su zaɓa, washegari da safe ɗan moto, wato mai babur, ya kai musu.

Kowa ya san babu lambu a unguwarmu. Kayan daga hannun wasu mata Kiristoci suke fitowa, masu lambuna a bayan gari. A shekarun nan kuwa, akwai unguwannin da in aka ji kana ciniki da mutanen Kilomita Biyar, maci amana ake kiranka, kuma ba a tsayawa a kan zagi. Shi ya sa Baba ya tsara aikin yadda ya tsara. Ba a rubuta sunan kowa a jikin kwando, kowace mace ƙyalle take ɗaurawa a hannun nata, wannan shuɗi, waccan kore, wata rawaya. Ɗan motonsu ya kawo bakin gada, namu ya karɓa, ba doguwar gaisuwa. Mai jan ƙyalle ita ce ta fi kowa daɗewa da mu. Mijinta ya rasu tuntuni, lambun nan kaɗai take da shi. Da muka gudu, ita ta ɓoye keken ɗinkin mahaifiyata a ɗakinta har muka dawo. Mama nake ce wa mai jan ƙyallen.

Shafin namu tsoho ne, mummuna, jerin kaya kawai da lambar waya. Kunya yake ba ni. Sai na ɗauko wani gwanin gyaran shafuka da ya zo daga Duwala ta Kamaru, mai yawan turare da yawan Faransanci. Ya duba ya yi dariya, ya ce masu saye na yanzu ba kabeji kaɗai suke so ba, suna so su ga hannun da ya shuka shi, su san sunanta, su ji labarinta. Maganar ta shige ni ƙwarai. Da na kai wa Baba, ya ce in sauya launi, in sauya rubutu, in sauya duk abin da na ga dama, amma kada in taɓa maganar ƙyalle. Na ce masa to. A zuciyata kuwa na ce tsoho ne, tsoro ya riga ya cinye shi.

Ga inda laifina yake, kuma ba zan rufe shi ba. Na aika wa Mama cewa ina son hotonta, ban faɗa mata dalili ba, don na san in na faɗa za ta ƙi. Ita ta ɗauka Baba ne yake son ganinta, tunda sun yi shekaru ba su haɗu ba. Hoton ya zo, tana tsaye rungume da ƙaton kabeji tana murmushi, a bayanta ga rufin cocinsu ga bishiyar mangwaro. Muka ɗora shi a saman sabon shafin, da sunanta da na unguwarta, a ƙasa kuma ga adireshinmu na Titin Koudoukou a Kilomita Biyar ɓaro-ɓaro. Ciniki ya ƙaru, masu saye suna ta turo yabo, ni kuma ina ta kumbura, har ina nuna wa ƙawayena a waya.

Ba a yi wata guda ba harbe-harbe suka sake tashi a gari, aka rufe kasuwa kwana biyu. A rana ta uku ɗan motonmu ya tafi bakin gada, ya dawo da kwando ɗaya tak, babu komai a ciki sai jan ƙyalle a naɗe. Daga baya na ji yadda aka yi. Wani mai dafa abinci a gidan ɗaya daga cikin masu sayenmu, ɗan unguwarsu Mama, shi ya ga hoton, ya yaɗa shi. Da rana tsaka wasu masu adduna suka shiga lambun suna nuna mata fuskarta a waya. Suka tumɓuke shukar, suka cika rijiyarta da ƙasa da duwatsu, suka karya mata hannu. Ta bar Bangui ta koma ƙauye wurin 'yar'uwarta. Sauran matan ma duk suka janye, kuma ban ga laifinsu ba.

Wallahi har yau in na tuna abin da ya biyo baya jinina tafasa yake yi. Na kira mai gyaran shafin ina kuka, ya ce shi abin da na amince da shi ya yi, kuma cire hoto ai aikin minti ɗaya ne. Minti ɗaya! Wata cikin masu sayen da ta fi kowa yabon hoton ta turo saƙon jaje mai layi biyu, a layi na uku tana tambayar yaushe salak zai dawo. Su kuma waɗancan marasa imani, ƙarfinsu ya ƙare a kan tsohuwa da kabejinta, Allah ya isa. Amma duk fushin nan in ya gama zagaye kaina yake dawowa, don ni aka gargaɗa, ni na yi ƙarya. Baba bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya karɓi ƙyallen ya juya shi a hannu, ya miƙo mini.

Na yi ta kiran Mama, sau ɗaya ta ɗauka. Ba ta ɗaga murya ba. Cikin yaren Sango ta ce ran da aka ɗauki hoton sai da ta koma gida ta ɗauro ɗankwalinta na zuwa coci, don tana so Baba ya ga tana nan lafiya. Ta ce in gaishe shi, ta kashe wayar. Abin da na aika mata don gyaran hannu ma dawo mini da shi aka yi.

Yanzu shafin ya koma jerin kaya da lambar waya, mata biyu sun dawo, shuɗi da rawaya. Abin da na koya shi ne, wani tsarin da kake gani kamar ƙauyanci, rayukan mutane yake karewa, kuma wanda ya kafa shi ya ga abin da ba ka gani ba. 'Yan'uwana masu sana'a a intanet, kafin ku ɗora fuskar mutum ku tambayi kanku wa zai gan ta, kuma a wace unguwa mai fuskar yake kwana. Ku faɗa masa gaskiya, in ya ƙi ku haƙura. Ni na cire hoton a minti ɗaya kamar yadda aka ce, amma hannun Mama bai ƙara ɗaukar bokitin ban ruwa ba. Watan jiya wata sabuwar mai lambu ta tambayi wane launi za ta ɗaura. Na ce ta zaɓi kowanne, ban da ja.