Ɗan Damben Wales a Motar Kaya

Kwana biyar na yi ina tuƙa shi a Riyad. Bature ne daga Wales, ɗan dambe a ajin masu nauyi, ƙato mai karyayyen hanci. A hanya ya gaya mini ya fara tsufa a sana'ar, kuma ya san an gayyato shi ne don wani matashi ya yi suna a kansa.

Ran da ya sauka, dalleliyar baƙar mota kamfaninmu ya ba ni na ɗauko shi. Da aka buge shi a damben da aka yi a Dir'iyya, nan gefen Riyad, washegari da safe mudir, shugabanmu na direbobi, ya cillo mini makullin motar kaya.

"Yalla, maza kai shi filin jirgi. Baƙar motar ta wanda ya ci ce."

Ni ɗan mahauta ne, a filin dambe na tashi. A wajenmu, in ka kai mutum ƙasa kai za ka miƙa hannu ka tashe shi, makaɗi kuma ba ya daina kiran sunansa. Raina ya ɓaci, amma igamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun kafili take, wato mai kamfanin da ya tsaya mini, sai na haɗiye.

Ya fito ido a kumbure, ya dubi motar, ya shiga gwiwoyinsa na tokarar gaba. Da muka isa ya riƙe hannuna ya yi mini godiya. Har yau in na tuna godiyar nan, ji nake da ma zagina ya yi.