Burodin Farko na Goggo Kerensa

Duk kasuwar garin Penzance da abu ɗaya aka san wata tsohuwa: bara, ranar bikin sabuwar alkama, ta ɗaga burodinta sama tana yi wa rana godiya, sai wani tsuntsun teku ya sauko ya yi gaba da rabinsa.

Yau ɗaya ga Agusta, ga ta nan kuma a jikin katangar bakin teku. Na ji ana ce mata Goggo Kerensa. Gajeriya ce, ta soka zangarniya a furfurarta, garin alkama har gwiwar hannu. Masu bin tsohon addinin ƙasar nan ba sa taɓa sabon hatsi sai an miƙa burodin farko an gode. Nata guda ɗaya ne tak, don alkamar bayan ɗakinta ba ta fi haka ba. Ina jin ita ta shuka, ita ta yanka, ita ta niƙa da waɗannan lanƙwasassun yatsu.

Tsuntsaye sun fi ashirin a kan katangar, kowanne ya zuba ido.

Ta ɗaga burodin da hannu biyu, ido a rufe. Kasuwa ta yi tsit. Ni da sayen albasa ya kawo ni, sai na ga hulata a hannuna, na cire ta don girmamawa.

Jago mai kifi ya kasa haƙuri. "Goggo, sauke! Ɓarawon bara ya zo da danginsa!"

Ko ido ba ta buɗe ba. "Rufe mana baki, ɗan nan. Sama na ce ta karɓa. Ni zan zaɓa mata ɗan aike?"