Wutar da Ba a Bari Ta Mutu

Kakana bai taɓa ƙare wa teku kallo ba, alhali a kanta samartakarsa ta ƙare. Daga Tahoua ya tafi cin rani bakin ruwa, aka ɗauke shi aiki a wani ƙaton jirgi mai kai fasinja Faransa. Manya na sama suna shan iska, shi yana can ƙasan jirgin da felu a hannu, yana zuba kwal a bakin manyan tukwanen tururi, waɗanda yake ce wa shodiyar. Wuta ta tafasa ruwa, tururi ya tura inji, inji ya tura jirgi. Ya dawo da kunne guda a toshe, da tabon ƙuna a damtse, da wata doka: ba a barin wuta ta mutu.

Wallahi dokar nan ta ba mu wuya a gidanmu na Talladjé. Yana da murhunsa a kusurwar tsakar gida. Da yamma zai tara garwashi ya lulluɓe da toka, ya bar ƴar kafa ta shan iska, da safe ya tono ya ƙara itace. Muka sayi butalin gaz na girki, ko kallo bai ishe shi ba. Innata ta yi mita har ta gaji. Ni kuwa jika ce, bakina bai da linzami.

"Mijin nawa, an ce maka gidan nan zai tashi zuwa Marseille ne?"

"Ke amarya, rufe min baki. In wuta ta mutu a tsakiyar ruwa, da mai kwat da mai felu duk ɗaya suke."

Da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, ni na gaji aikin, ina da aurena da ƴaƴana, in biyo ta gida kafin in wuce kasuwar Petit Marché. Daga kan tabarma zai ɗago kai: "Tana nan?" In ce tana nan. Sai ya karɓi koko.

Nasa jirgin an daɗe da yanka shi an sayar da ƙarfen, ya sani. To wata rana na ci karo a wayar salula da bidiyon wani tsohon jirgi irinsa, an ɗaure shi a bakin ruwa mutane na shiga kallo. Da gudu na kawo masa, ina murna. Ya kanne ido, ya matso da fuska. Ga tukwanen a jere, ga bututai, an goge komai yana ƙyalli. Ya fara nuna min da yatsa: nan ake tsayawa, nan ake kwashe toka. Can sai ya tambaye ni:

"Wa ke bakin wuta?"

Na ce ba kowa, Baba tsoho, kallo kawai ake yi.

Ya ɗora tafin hannunsa a kan salular, yadda ya ce suna dafa bangon jirgi su ji ko inji na da lafiya. Ya daɗe haka.

"Sanyi ƙalau," in ji shi. "Sun kashe shi, sannan suka shafa masa fenti."

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Zuciyata ta karye, har yau ba ta ɗinku ba. Washegari da na ce masa tana nan, ya ce, "To ita kaɗai ta rage. Ki riƙe ta."

Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. A kan wutarsa aka ɗumama ruwan wankansa. Daga nan gida ya cika da ƴan gaisuwa, ina cikin ɗaki ana riƙe ni, mata suka kafa manyan tukwane a waje. Ba wadda ta san murhun kusurwa da wani zance, kuma ba laifinsu ba ne.

Ranar sadakar uku na samu na fito. Na durƙusa, na tura hannu cikin tokar har wuyan hannu, ina lalube, ina cewa tana nan, tana nan.

Sanyi ƙalau.