Kwalbar Man Belif da Gwiwar Inna

Shekara biyu Inna ta yi tana sallah a kan kujera. Gwiwarta ta dama ce ta ƙi lanƙwasuwa. Malam ya gaya mata ya halatta, likita a Karaye ya ce gaɓar ce ta cinye, amma Inna ko a jikinta. Ita dai burinta goshinta ya taɓa ƙasa.

Ni ce autarta, ina aure a Karaye, ita tana ƙauyenmu can wajen Fulatan. Da na shiga Kano na sayo mata wata 'yar kwalba da ba ta fi ɗan yatsa ba, man ganyen belif, ganyen nan da 'yan birni ke jefawa a dafa-duka. Mai shagon ta ja mini kunne: ba a sha, ba a shafa shi tsura don yana ƙona fata. Ɗigo uku a cokalin man gyaɗa, a murza safe da yamma.

Inna ta shinshina ta yatsine fuska. “Wannan ai ƙanin kanumfari ne. Yanzu kayan miya za ki shafa mini, Auta?”

“Ke dai kawo ƙafar, Inna.”

Ta ƙi man gyaɗar da na zo da shi, wai na inji ne. Sai nata, wanda ta matse da hannunta. Da na murza mata ta ce tana jin ɗumi har cikin ƙashi, daɗi ya kama ni.

Bayan mako biyu na koma. Tun daga zaure ƙamshin ya tare ni. Maƙwabciyarta ta zo gaishe ni, ita ma ƙamshin take. Matar liman haka. Na ɗauko kwalbar na ɗaga ta a rana, saura ɗan abin da ya kwanta a gindi. Wallahi raina ya ɓaci.

“Haba Inna, magani ne fa, ba alewa ba.”

“Tsaraba ce,” in ji ta. “A garin nan wa ya taɓa cin tsaraba shi kaɗai? Duk sa'o'ina a zaune suke sallah. Da wane ido zan durƙusa in bar su?”

Ashe kowace tsohuwa da murfin kwalba take zuwa, Inna ta ɗiga mata uku, ta kuma ja mata kunne da irin muryata. Na yi ta faɗa, tana ta ɓarar gyaɗarta. Da na gaji na zauna na jawo ƙafar na murza da ragowar.

Ba zan yi ƙarya ba, man bai warkar da ita ba, sassauci kawai yake kawowa. Amma ran nan da la'asar ta ce in janye kujerar in tsaya kusa. Na riƙe ta ta sauka a hankali, gwiwar na ƙas-ƙas, har goshinta ya kai tabarma. Ta daɗe a haka. Tsoro ya kama ni, na sa hannu zan ɗago ta, ta ƙi motsi.

Sai da ta sallame ta dube ni, idonta jawur.

“Gaggawar me kike, Auta? Na daɗe ban zo nan ba.”